Wa Ya Turara Uwayen Ƙaguwa?

Wanda ya yi wa mutanen garin Kuala Buntal wannan aika-aika ba yunwa ce ta sa shi ba. Mai yunwa yakan saci abin da zai ci, in ya ƙoshi ya bari. Wannan kuwa ƙoshi ne ya yi masa yawa. Ya ci amanar maƙwabtansa, ya naɗe hannu yana jira a kama wani a madadinsa, kuma saura kaɗan ya samu yadda yake so.

Mata masu tsintar ƙumbar teku ne suka fara cin karo da abin da safe, bayan ruwan teku ya janye. Wari ne ya ja su cikin kurmin bakau, itacen da ke tsirowa a bakin teku, inda saiwoyin itatuwa suke tsaye cikin laka kamar ƙusoshi. Suka tarar da tarin ɓawon ƙaguwa, an turara ta, an ɓare, an kwashe naman. Ƙudaje sun rufe shi. Da ɗaya ta tona da sanda sai ta ja da baya tana salati, domin kowane ɓawo da ta juya na uwa ne, ƙwai jawur manne a cikinsa.

A Kuala Buntal ko yaro ya san dokar. Gwamnati ta yanka wa kowane gari kason ƙaguwar da zai kama a shekara, ta ba da ma'aunin da ƙarama ba ta wucewa, ta kuma haramta taɓa uwa mai ƙwai. Wadda ta faɗa tarko da ƙwanta, a kai ta kejin ƙungiyar masunta da ke ƙarƙashin gada, ta zauna har ta zubar da ƙwai a sake ta. In gari ya karya wannan, a ƙwace lasinsa, masana'antar gwangwani kuwa ba ta sayen naman garin da ba shi da lasin.

Rashin sa'a, jami'ar ma'aikatar kamun kifi, Ibu Ratih, tana cikin garin a ranar. Ta shiga lakar har gwiwa, ta duba da idonta, ta fito. Kafin azahar ta sa an zura sarƙa ta cikin jiragen ruwan gari duka, an kulle.

"Ranar da jirgin fasinja ya dawo zan bi shi," in ji ta. "Ko in tafi da sunan mutum ɗaya, ko in tafi da lasin garin nan na shekara. Ni ba na son na biyun. Wak Sahak, kai ne mai gadin ruwa. Nemo mini shi."

Wak Sahak, wato Kawu Sahak a harshen garin, yana tsaye a wurin. Mutum ne da ya haura hamsin, siriri, mai ƙarancin magana. Da ƙuruciyarsa yana bin sawun aladen daji da ke ɓarna a gonakin kwakwa, shi ya sa da gwamnati ta ce kowane gari ya zaɓi mai gadi aka tura shi gaba. Tun daga ranar ake kiransa karen gwamnati a bayan idonsa. Ya dubi jiragen a ɗaure, ya dubi mutanen da ke dubansa. Garin ba shi da hanyar mota, ba shi da gona. Gidaje ne kan turaku, laka a ƙasa, teku a gaba, kurmi a baya. In an ɗaure jirgi an ɗaure tukunya.

*

A rumfar gahawa kuwa an riga an gama shari'a.

"Wane bincike kuma? Sawun allon laka ne ya tashi daga tarin ya nufi gidan Isnin. Waye yake hawa allo a garin nan in ba shi ba?"

"Mutanen nan na ruwa ai ba su san doka ba. Komai suka gani yana motsi, tukunya."

Isnin ɗan ƙabilar Duanu ne, waɗanda ake kira mutanen ruwa, yana zaune da iyalinsa a gida na ƙarshe, inda gadar katako ta ƙare. Sana'arsa tsintar ƙumba a kan allo: ya durƙusa a kai da gwiwa ɗaya, ya riƙa turawa da ɗaya ƙafar, yana sulɓi a kan laka. Ba shi da dangi a garin, ba shi da mai tsaya masa. Irin mutumin da jama'a ke son laifi ya zama nasa ke nan, domin ba wanda zai yi asara.

Haji Mahadar ya ɗaga hannu, aka yi shiru. Shi ne shugaban ƙungiyar masunta, shi ne mai rumfar ɓare ƙaguwa inda rabin matan gari suke aiki, mabuɗin keji ma a wurinsa yake. Ƙato ne mai taushin murya.

"Ku bi a hankali, 'yan'uwa. Kada wanda ya taɓa shi. Mu dai mu ba gwamnati abin da ta nema a kwance mana jirage. Iyalinsa kuwa, ni zan riƙa aika musu shinkafa." Ya juya ga Sahak yana murmushi. "Suruki, aikinka ya zo da sauƙi. Sawu ya kai ka har ƙofa."

Surukai ne kuwa. Rohani, 'yar Sahak tilo, tana auren ɗan Haji, wanda ke aiki a tashar jiragen ruwa can a birnin Batam. Ita da jaririnta suna zaune a babban gidan Haji.

"Ban ga sawun ba tukuna," in ji Sahak.

"Oho, karen zai je ya sunsuna," wani ya faɗa daga baya. Aka yi dariya, irin ta mutanen da ke jin tsoro.

*

Sahak ya je wurin tarin ya tsaya a kan saiwa, ya daɗe yana kallo. Sawun allo ne, babu shakka, layi mai faɗi ya ratsa laka. Amma wanda ya iya allo yakan bar sawun ƙafa ɗaya tak a gefe guda, yatsu sun ɗan caki laka sun wuce. Nan kuwa ramuka ne zurfafa a bayan allon, hagu da dama, kamar an tura amalanke. Mutumin ya nutse har cinya. A wuri biyu ya faɗi, ga shaidar tafin hannu. Ya taka kan saiwoyi masu tsini, inda mai hankali zai kauce.

Sahak ya tsinci ɓawo kaɗan ya zuba a jaka, ya nufi gidan ƙarshe.

Samari sun zauna a kan gada sun tare hanya, suna shan taba mai kanumfari. Sun cire katako biyu daga gadar don kada Isnin ya fita. Sahak ya tsallake ramin.

"Wak, ka zo tafiya da ni?" Isnin ya tambaya daga bakin ƙofa. Matarsa tana bayansa riƙe da yara.

"Na zo tambaya. Ina kake ajiye allonka?"

"Ƙarƙashin gada, inda kowa ke gani. Jiya na tarar da shi a kife, laka har sama. Ni kuwa ba na ajiye shi sai na wanke."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Wa zan faɗa wa? Waɗannan?" Ya nuna samarin da haɓa. "Wak, dube ni. A kan ruwan nan aka haife ni. Yanzu lokacin ƙaramin ruwa ne, cikar teku ba ta kaiwa wancan tudun sai wata ya cika. In ni ne zan ɓoye abu, zan zuba shi inda ruwa ba zai zo ya kwashe ba? Ko 'yata mai rarrafe ta fi haka wayo."

Sahak ya gyaɗa kai. Wanda ya zuba tarin ya dogara ne ga teku ta share masa ɓarna da sawu, teku kuwa ba ta zo ba. Mutum ne da ya daina kallon wata.

"Shinkafarmu ta ƙare," in ji matar Isnin a hankali. "Ba su bari in je shago."

Ya koma ya auno musu daga tasa. Samarin suka bi shi da tsaki.

*

Zuciyar Sahak ta fara zuwa kan wani masunci, Daeng Parani. Shi ne ya taɓa jefa ma'aunin gwamnati a teku a gaban jama'a, kuma an taɓa kama shi da ƙananan ƙaguwa. Ƙato ne, zai iya barin ramuka irin waɗancan. Sahak ya same shi zaune cikin jirginsa ɗaurarre, yana gyaran tarko.

"Ga karen Ibu ya iso. Sunsuna, Wak, sunsuna da kyau."

"Ina kake shekaranjiya da asuba?"

"A teku, inda maza suke. Tambayi duk wanda ya fita, fitilata suka bi." Ya jefar da tarkon. "Ka san abin da ke ƙona mini rai? Mutumin da bai taɓa jiƙa ƙafa ba ya zauna a ofis ya yanka mini abin da zan kama. In na cika kaso a tsakiyar shekara, sauran watannin in ci me? Ma'auni? Amma duk da haka na bi. Watan nan kaɗai uwaye nawa na kai keji da hannuna, manya, masu nauyi, 'ya'yana suna kallo suna haɗiyar yawu. Na ce musu ku yi haƙuri, abincinku ne na baɗi. Sai yanzu ka zo kana tambayata?"

"Nuna mini ƙafafunka."

Daeng ya ɗaga su duka biyu har kusa da hancin Sahak. Fata ce kamar ta taya, babu ko ƙwarzane. Wanda ya taka waɗancan saiwoyi ba zai fita lafiya ba.

"Ka gani? To je ka duba na uwarka."

Sahak ya haɗiye zagin ya tafi. Mutum uku suka tabbatar masa Daeng yana teku. Ya ɓata yini guda a kan mutumin da laifinsa kawai baki ne.

*

Rumfar ɓare ƙaguwa tana rufe, teburan ƙarfe a wanke, babu aiki. Mak Esah, shugabar mata masu ɓarewa, tana zaune a ƙofa tana fifita. Sahak ya zazzage ɓawon a gabanta.

"Wannan aikin gida ne ko na rumfa?"

Ta ɗauka ta jujjuya. "Wanda zai ci a gida fasawa yake da dutse. Wannan wuƙa ce. Dubi yadda aka ɗaga bayan bai tsage ba, aka yanke ƙafafu a gaɓa, aka zaro babbar tsoka ta baya ɗungurungum. Wannan don gwangwani aka yi shi, kuma hannun ya ƙware." Sai ta haɗe rai. "Amma kada ka kuskura ka kalli matana. Uwa ba ta shiga rumfata. Ni nake tsayawa a kan tukunya."

"Ban ce komai ba, Mak."

"Idonka ya ce." Ta sake duban ɓawon, ta kai shi kusa da fuska. "Kai, tsaya. Ba ma nawa ba ne. Dubi yankan. Mu muna riƙe ta da hagu mu yanka da dama, bakin wuƙa ya karkata nan. Wannan ya karkata can. Bahaguwa ce. Ni kuwa ba ni da bahaguwa a tebur tun da Haji ya ɗauke..."

Fifitar ta tsaya.

Sahak ya san ƙarshen maganar. Tun da Haji ya ɗauke Rohani daga tebur ranar da aka ɗaura aure, yana cewa surukarsa ba za ta riƙa ƙarnin ƙaguwa ba. Sahak da kansa ya sha dukan hannun yarinyar tana ƙarama don ta koma dama, ta ƙi, har marigayiya uwarta ta ce ya ƙyale ta.

"Ni ban ga komai ba, Sahak," in ji Mak Esah. "Tsufa ya ci mini ido. Kwashe kayanka."

*

Ya sami Rohani a bayan gidan Haji tana shanya. Jaririn yana barci cikin zane da aka rataye a rufi.

"Abah! Shigo mana, in kawo maka shayi."

"Kawo hannunki."

Ta miƙa na dama. Ya girgiza kai. Da ta miƙa na hagu sai ga yatsun sun yi fari sun tsattsage, ƙananan yanka sababbi a kan babban yatsa. Hannun mai ɓare ƙaguwa ba ya ɓoyuwa. Ya ɗora mata ɓawo ɗaya a tafi. Ta zauna a kan matakala.

"Daga ina suke?"

"Daga keji." Ta sunkuyar da kai. "In sun taru sai Haji ya ce wa mutane ya sake su da asuba. Nan yake kawo su, a kicin na baya. Ni nake turarawa in ɓare, shi ya haɗa da naman rumfa. Da can yana zuba ɓawon a jirgin da ke kai kaya, a watsar a tsakiyar teku. Da ya ji Ibu Ratih za ta zo duba jirage sai ya ruɗe, ya kwasa da kansa."

"Ke kuma kika yarda."

"Ya ce in yi. Uban mijina ne, Abah, a gidansa nake ci. Na ce masa haram ne, ya ce shi da ya je Makka ne zan koya wa haram? Na gaya wa mijina a waya, ya ce in bi abin da mahaifinsa ya ce in rufe baki." Ta kama gefen rigarsa. "Kada ka faɗa. Wallahi zai sa a sake ni. Ya ce in magana ta fita, yaron nan jininsu ne, ba zan tafi da shi ba."

"Isnin fa? Shi ma da 'ya'ya."

Ta rufe fuska da mayafi. Sahak ya tsaya yana kallon jikansa yana lilo cikin zane. Bai yi mata alkawari ba, bai kuma ce zai faɗa ba. Ya mayar da ɓawon aljihu ya fita.

*

Ranar Juma'a Sahak ya zauna a sahu na biyu a masallaci. Ana zafi kamar a gasa mutum, kowa ƙafa tsirara a kan tabarma, Haji Mahadar kaɗai ne da safa mai kauri. Da zai tashi daga sujada sai da ya dafa bango.

Bayan sallama Haji ya riƙo hannunsa suka koma gefe.

"An ce ka je gaida 'yarka. Madalla. Yarinyar kirki ce, na riƙe ta kamar ni na haife ta." Ya rage murya. "Suruki, gobe jirgin fasinja zai zo. Gari duka yana jin yunwa. Mutum ɗaya ne, baƙo, zai yi 'yan watanni ya fito, ni zan kula da gidansa. Kowa ya koma teku, 'yarka ta zauna a ɗakinta, jikanka ya tashi cikin rufin asiri. Wa ya cutu? Ka yi tunani irin na manya."

"Me ya sami ƙafarka, Haji?"

"Ciwon suga," in ji shi, ya saki hannun.

Sahak ya taka har ƙarshen gada ya zauna. Ruwa ya janye, laka ta miƙe iyakar gani, babu inda mutum zai bi ya fita. Ya auna abin ta kowace fuska bai ga ƙofa ba. In ya yi shiru, ba wanda zai zarge shi, har gode masa za a yi. Wannan shi ne munin abin. Zalunci ya fi sauƙi a ranar da kowa zai amfana da shi.

*

Washegari da hantsi aka taru a zauren gari. Jirgin fasinja ya riga ya iso, injinsa yana ƙugi a bakin gada. Ibu Ratih ta zauna a gaba, Haji a gefenta. Aka shigo da Isnin tsakanin samari biyu. Mata suka tsaya a baya, Rohani a cikinsu da goyo.

"Wak Sahak, muna jinka."

Ya miƙe. Ya faɗi yadda sawun yake, cewa wanda ya tura allon bai iya hawansa ba. Ya faɗi maganar ƙaramin ruwa. Masunta suka fara duban juna, domin wannan magana ce da suka gane.

"To in ba shi ba ne, waye?" Daeng Parani ya daka tsawa. "Kada ka sake kallona!"

"Mutumin mai nauyi ne, ya daɗe bai shiga laka ba, kuma saiwoyi sun huda masa ƙafa. Kowa a nan ƙafarsa a buɗe take, sai mutum ɗaya. Haji, cire safarka."

Haji ya yi dariya, ya cire a hankali. Tafin ƙafafun a kumbure, huji-huji, wasu sun fara ruwa.

"Ga su. Ciwon suga ne da ƙusar jirgi. Yanzu ciwo ma laifi ne? Suruki, ashe haka za ka saka mini?"

"Kunya dai babu!" wani ya ce. "Mutumin da ya gina mana masallaci!"

Ibu Ratih ta duba ƙafar da kyau, ta ɗago. "Ni ma ban yarda ƙusa ce ba. Amma alƙali ba zai ɗaure mutum don ƙafarsa ta kumbura ba, Wak. Ka wanke Isnin, na karɓa. Sai dai in babu wanda ya yi, garin ne ya yi, lasin zai tafi tare da ni. Akwai wani abu kuma?"

Hannun Sahak yana cikin aljihu, ɓawon yana sukar tafinsa. Ya dubi Haji, Haji yana dubansa ido cikin ido, sannan ya karkata kai kaɗan wajen mata. Jirgi ya busa ƙaho. Sahak bai waiwaya baya ba, don ya san in ya ga fuskarta ba zai iya ba.

Ya ajiye ɓawon a kan tebur.

"Wannan yankan rumfa ne, amma da hannun hagu aka yi shi. Duk macen da ke nan ta duba ta ƙaryata ni."

Ba wadda ta matso. Ba su buƙata. Kowa ya san bahaguwa ɗaya ce ta taɓa zama a teburin rumfa, kuma kowa ya san 'yar waye. Kawuna suka fara juyawa baya.

Rohani ta kwance goyon ta miƙa wa Mak Esah. Ta ratso maza har gaban tebur, ta ɗaga hannun hagu kowa ya gani.

"Ni na ɓare su. A kicin ɗin Haji na baya. Tukunyar tana nan, ƙwai ya kama gindinta, na kankare ya ƙi fita. Ba daga teku aka kamo su ba. Uwayen keji ne, waɗanda kuke kawowa."

"Ƙarya take! Yarinyar nan tun da ta haihu kanta ba daidai..."

Bai ƙarasa ba. Daeng Parani ya tsallake benci, sai da mutum huɗu suka riƙe shi.

"Nawa! Waɗanda na hana 'ya'yana! Ka ce mana ka sake su, har ka sa muka yi addu'a! Ku sake ni in ci ubansa!"

Ibu Ratih ta aika aka ɗauko tukunyar. Ta duba gindinta, ta sa aka kai ta jirgi. Sannan ta miƙa hannu.

"Haji Mahadar, ba ni mabuɗin keji."

Ya daɗe yana lalube kafin ya fito da shi. Samarin da suka kawo Isnin su ne suka raka Haji zuwa jirgi, yana ɗingishi, safa a hannu. Ba wanda ya ba Isnin haƙuri. Da yamma dai wani ya je ya mayar da katakan gadarsa, ya buga ƙusa, ya tafi bai yi sallama ba. Iyakar abin da jama'a ke iyawa ke nan in sun zalunci mutum.

An kwance jirage a ranar. Rohani ba ta sake kwana a babban gida ba. Ta biyo mahaifinta da jaka ɗaya da jaririnta, Mak Esah da matan rumfa suna kewaye da ita har ƙofa, don kada dangin Haji su ce za su karɓe yaron. Kafin wata ya cika mijinta ya aiko da saki daga Batam. Ta daɗe ba ta yi wa Sahak magana ba in ban da gaisuwa, shi kuma bai nemi ta yi ba. Yanzu tana tebur na farko a rumfa, tana yanka da hagu.

Haji Mahadar kuwa, kotu ta same shi da laifi. An soke lasinsa har abada, an ƙwace rumfar an ba ƙungiyar masunta, an ɗaure shi shekara biyu.